Hanyar da ban iya kira miki ba

Wangsa Maju,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta ko bayan kin sauka Accra. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Na cusa ta ne kusa da cajar wayarki, don na san duk duniya nan ne wurin da hannunki ba ya wuni bai leƙa ba.

Kada ki sa ran labarin gida, kin bar mu lafiya kin gani da idonki. Magana ce na kasa faɗa miki baki da baki. Sau nawa ina shiga ɗakinki kina haɗa kaya, in buɗe baki, sai in ji kaina ina tambayar ko kin ɗauki man zafi. Tun ranar da kika shigo da ihunki kika ce wurin aikin nan sun tura ki Ghana kin ga na canza, kika ɗauka nisa ne ya dame ni. Abbanki dai kallona ya yi ta saman tabarau ya ci gaba da cin abincinsa, don shi ya san dawan garin. Ba nisa ba ne, Nafisa. Ƙasar da aka haife ni za ki, kuma kunya ce take cina.

Ni ba Bakanuwa ba ce. Ki sake karantawa in kina so. A Kete-Karaci aka haife ni, wani gari a bakin babban tafkin Ghana, kuma sunan da aka san ni da shi a can Lariba, ba Balaraba ba. Kakarki, wadda nake kira Mma, ba zaman kasuwanci ta yi a Ghana har harshenta ya juya ba, kamar yadda na gaya miki. Can aka haife ta, can aka haifi uwarta, can aka binne su duka.

Ga abin da na sani, kuma ba shi da yawa. Tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, wani mutum Tanko ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja. Ba madugu ba ne, ba malami ba ne, ko kayan ma ba nasa ba ne. Jakan wani yake korawa, a kai kanwa a komo da goro. Matarsa Gambo ta ce ba za ta zauna jiran miji shekara da shekaru ba, ta ɗaura zane ta bi shi a ƙasa, tana yi wa ayari girki. Ita ce kakar mahaifiyar Mma. Da suka isa Salaga jakan sun mutu, ita kuma ga tsohon ciki, sai suka zauna. Yaƙi ya zo ya watsa garin, suka gangara kudu da sauran baƙi har Kete, inda Jamusawa suka kafa bariki suna mulkin gundumar. Masu ƙasa suka ba su fili a gefe. Tanko ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Jamusawa dako, an ce da tabon bulala a bayansa aka yi masa wanka. Gambo kuwa koko da ƙosai ta sayar ta raini 'ya'yanta. Mma tana yarinya aka datse kogi, ruwa ya taso ya cinye tsohon garin, aka mayar da mutane kan tudu. Gidanmu da masallacin unguwa da maƙabarta duk suna ƙarƙashin tafkin nan yanzu, babu kabarin na farkon nan ko ɗaya da za ki je ki tsaya a kansa.

Abu ɗaya ne ruwa bai ci ba, shi ne abin da a gidanmu ake cewa kiran hanya. Gambo ce ta fara shi, saboda mutanen da ta bari a binne a bakin hanya, waɗanda ta san ba mai komawa kansu. Duk 'ya macen da za ta bar gida, aure ne ko doguwar tafiya, uwarta za ta shimfiɗa tabarma, 'yar ta ɗora ƙafafunta a cinyarta, uwar ta riƙe su. Sai ta fara kiran zango-zango tun daga ƙauyen Tanko har Kete, kowane zango da sunan wanda aka bari a wurin. Ta ce Allah ya jiƙan wane, 'yar ta amsa da amin, mun wuce. Haka har a zo kan na baya-bayan nan. Ba a rubuce yake ba, daga bakin uwa ne zuwa kunnen 'ya. Ke kaɗai ce 'yata mace, ga shi kin bar gida, ni kuma ban iya ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi ban iya ba, don kada ki ce ƙaddara ce kawai.

Ina 'yar budurwa kawuna da ke Fagge ya aiko a kawo ni Kano karatu. Da safen da zan tafi Mma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce in cire takalmi. Sabon takalmi ne, ja, tun asuba na saka shi ina yawo don 'yan unguwa su gani. Na cire ina ƙunƙuni. Ta riƙe ƙafata ta fara. An tashi daga gida, an sauka Jega, an bar jariri Audu. Na ce amin, mun wuce. An zo bakin Kwara, ruwa ya tafi da Ladi ƙanwar Gambo wajen fito. Na ce amin, mun wuce, amma kunnena yana tasha. Ina jin ƙarar wata mota na fizge ƙafata na ce, "Mma, za su tafi su bar ni!" Ta sake ni. Ta ce, "To, je ki. In kin dawo ma ƙarasa." Ashe ma ba motarmu ba ce. Na zauna a tasha har rana ta take ina kallon takalmina, ban koma gida ba, alhali taku kaɗan ne. Nafisa, in tsoho ya riƙe ki da magana, ki bar motar ta tafi. Na san halinki da duba agogo ana tsakiyar yi miki zance, a wurina kika ɗauko shi, kuma ba abin kirki ba ne.

A Kano na sha dariya. Ina buɗe baki 'yan ajinmu su kwashe, wannan ta kwaikwaye ni, waccan ta ce 'yar Gwanja ta zo, a ɓoye goro. Yara ne, da na yi banza da su da sun gaji. Ni kuwa sai na ɗauki abin da zafi. Na bi harshena na goge shi tas, na mayar da sunana Balaraba, duk wanda ya tambaya in ce 'yar gidan kawu ce ta cikinsa. Da na je hutu gida Mma ta sake shimfiɗa tabarmar ta ce mu ƙarasa. Lokacin na ɗan fara islamiyya, kaina ya yi girma. Na tsaya a kanta, a tsaye fa, na ce mata wannan bidi'a ce, ni ba zan yi ba. Wallahi ba tsoron Allah ba ne ya sa na faɗa. Ban so ne a tuna min cewa ni jikar mai korar jaki ce. Ta naɗe tabarmarta ta jingine, ta tambaye ni ko zan ci tuwo. Shekaru bayan nan na tambayi wani malami a nan, ya ce mene ne laifin mutum ya kira sunan mamatansa ya roƙa musu rahama? Ki kiyayi wannan, 'yata. In kina jin kunyar abu ki ce kunyarsa kike ji. Kada ki jawo addini ki lulluɓa, don wanda kika faɗa wa ba shi da bakin mayar miki, ke kuma kin san ƙarya kike.

Abbanki ya san komai tun kafin aurenmu, har Kete ya je da kawunnansa. Ya sha ce min, "Ke wai me aka yi a Ghana ne? Sata kakanninki suka yi?" In ce ya bar ni. Ya bar ni, don mutum ne da ba ya son hayaniya. Da ya samu karatu muka taho nan, sai na ga ai na samu sabuwar duniya. A cikin matan 'yan Najeriya, daga Wangsa Maju har Sri Petaling, ba wadda ta san ni, kowa Maman Nafisa 'yar Fagge.

Kin tuna ranar da makarantarku ta ce kowane yaro ya sa kayan gida ya zo ya ba da labarin kakanninsa? Kin dawo kina ba ni labarin ƙawarki 'yar unguwar Brickfields, wadda kakan kakanta ya zo daga Indiya a jirgin ruwa yana aikin shimfiɗa titin jirgin ƙasa, da wani yaro ɗan Sin da nasa ya zo haƙar kuza ba ko takalmi. Kika ce, "Umma, mu fa? Su waye namu?" Ina yanka albasa a lokacin, ban ko juyo ba na ce mu Kanawa ne gaba da baya, kakanki babban malami ne a cikin birni, sarki ma yakan aika a tambaye shi. Na ɗinka miki atamfa, na ɗaura miki ɗankwali. Na je na zauna a bayan aji ina ji kina zuba ƙaryata da Turancinki mai daɗi, aka tafa miki. Uwar yarinyar nan 'yar Brickfields tana gefena, da 'yarta ta ce kakanta lebura ne sai na ga ta ɗaga kai tana share hawaye, ita da alfahari take yi. Da muka fito sai na saya miki aiskirim na ce kin yi ƙoƙari. Ki yafe min wannan. Na sa ƙarya a bakinki tun ba ki san mece ce ba. In Allah ya ba ki 'ya'ya suka tambaye ki, ki ba su mai korar jakin nan yadda yake.

Yanzu ga wanda ya fi min nauyi.

Zuwan Mma nan, kina aji ɗaya a sakandare. Abbanki ne ya matsa aka kawo ta a duba mata ido. Kin tuna yadda take tsoron lif, da yadda ta saba da mai shagon mamak, wurin shayi da abincin nan na ƙasan bene, ba ta jin yarensa ba ya jin nata, amma kullum sai ya ba ta shayi kyauta. Ana nan sai taron matanmu na wata-wata ya faɗo a kaina. Na ce mata ta huta a ɗaki, ai idonta ba ya son hayaniya. Ta ce to. Amma kin san Mma da baƙi, ba ta iya jin mutane a gida ta zauna. Tun safe ta dafa wake da shinkafa irin na can, mai jan karan dafi, da yajin nan baƙi. Muna tsakiyar hira sai ga ta da tire, ta yi sallama, ta gaishe su da Hausarta ta Kete, ba abin da ta rage. Hajiya Binta, wadda ke shugabantar mu, ta ce, "Ikon Allah, Maman Nafisa, baƙuwa muka yi ba labari? Wace ce?"

Na ce, "Tsohuwar da ta yi rainona ce."

Haka na ce. Tana tsaye da tire a hannu, ba a fi taku biyu tsakaninmu ba. Ta sunkuya ta ajiye tiren a hankali, ta dube ni da idon nan da aka yi wa aiki, ta ce, "Hajiya, a kawo ruwa?" Ni ɗin ta kira da "Hajiya", Nafisa. Matar da ta haife ni. Har taron ya watse tana shiga tana fita, tana kwashe kwanuka, tana zuba musu sauran abincin a roba su yi tapau, wato su tafi da shi gida, ba ta bari asirina ya tonu ba. Da suka tafi na jira ta yi min faɗa, ta zage ni, ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ni kuma maimakon in faɗi a gabanta, sai na kama wanke-wanke ina buga tukwane kamar ni aka yi wa laifi.

Ana gobe za ta koma ta same ni a kicin ta ce, "Lariba, ke kin ƙi. Ba ni ƙafar yarinyar nan." Na ce kina da lesin, jarrabawa ta matso. Na haɗa miki jaka da kaina na tura ki, har kina cewa ai yau ba ranar lesin ba ce, na daka miki tsawa. Tsoro nake ji ki ji sunayen garuruwan nan ki fara tambaya. Mma ta koma, ba ta ƙara shekara biyu ba Allah ya karɓi abarsa. Ko gaisuwar mutuwa ban je ba, na fake da cewa takardun zamanmu suna wurin sabuntawa. Gaskiya ne suna can, amma da sun fito ma ban da idon da zan kalli mutanen gidan. A nan ba ni da wata dabara da zan koya miki. Abin da zan ce kawai, ranar da kika ɓata wa wani, ki nemi gafara kafin ki wanke kwano ɗaya. Ni na ce sai gobe, sai na samu yadda zan fara, har aka bugo waya.

Makon jiya na tattara ƙarfin halina na je Sri Petaling wurin Hajiya Binta na gaya mata gaskiya, don na ce ba zan rubuta miki ba alhali ina ci gaba da ƙaryar a waje. Na gama kame-kamena, ta dube ni ta ce, "Haba Maman Nafisa. Ai tun ranar muka sani. Goshinku ɗaya, tafiyarku ɗaya. Shiru muka yi don kada mu ƙara wa baiwar Allah ciwo." Kin ji. Shekara da shekaru ina tafiya a cikinsu da ƙafafa, ina gyara wa wasu Hausa, ashe kallon matar da ta yi musun uwarta suke yi min. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutane sun fi ki gani, 'yata, kawaici kawai suke yi.

Saura mutum ɗaya a duniya da ta iya kiran hanya daga farko har ƙarshe, Iya Azumi, ƙanwar Mma. Ba ta haifi mace ba, 'ya'yan 'yan uwa kuma kowa ta kama gabanta, an bar abin. Tana nan a Kete a gidan ɗanta. Daga Accra tafiyar wuni ce, akwai inda za ki sauka ki shiga jirgin fito a tsallaka da ke. Ki tafi da turmin atamfa da goro mai kyau. In kin shiga ki cire takalmi, ki durƙusa har ƙasa, ba irin gaisuwar nan taku ta tsaye da ɗaga hannu ba. Ki yi Hausa komai karyewarta, kada in ji kin sa mata "lah" ɗin nan na mutanen ƙasar nan a ƙarshen magana, kuma ko da wasa kada ki yi murmushi in kin ji tasu. Ki ce ke ce 'yar Lariba. In ta zage ni kada ki kare ni, ki sunkuyar da kai ki bari ta gama, tana da gaskiya. In ta shimfiɗa tabarma ki miƙa ƙafa, ki kashe wayar nan. Daga baya kya roƙe ta ta maimaita ki ɗauka, amma na farkon da kunnenki za ki karɓa.

Jiya da na ce ki miƙo ƙafarki in ga ko lallen ya kama, ba lalle nake dubawa ba. Na riƙe ta na kira miki Jega a zuci, na kira bakin Kwara, daga nan na tsaya, don iyakacin abin da nake da shi ke nan. Kika ce, "Umma, lafiya?" na ce bai kama sosai ba.

Na san kin ce sai kin zauna da gindinki a wurin aiki, in an ba ki hutun farko kya zaga ƙasar. Kada ki jira hutu. Shekaranjiya na samu lambar ɗanta na buga, karo na farko tun rasuwar Mma. Aka kai mata wayar. Na yi sallama na faɗi sunana. Can ta ce, "Kina da rai ashe." Na ce ina da rai, Iya, na kira ne in nemi gafara, in kuma roƙe ki ki kira min hanya in rubuta, yarinyata za ta yi tafiya. Ta ce, "Ƙafa ake riƙewa, ba waya ba. Turo ta." Na ce to. Ba ta ajiye ba, na ji tana magana ƙasa-ƙasa ita kaɗai, tana bin zangon da bakinta kamar mai duba ko kayanta suna nan. Na ji Bargu, na ji Jugu. Sai ta tsaya. Sannan ta ce, "Lariba, wanda aka bari a Yandi, mace ce ko namiji? Yayata ta gaya miki?"

Ni ta tambaya, Nafisa. Wannan ya riga ya tafi, ko sunansa ba za mu ƙara ji ba sai dai in Allah ya dawo mata da shi. Ki je a Asabar ɗin farko, tun sauran suna nan.

Allah ya tsare min ke a sama da ƙasa da kan ruwa. Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane da na zuciyarki. Ya yi miki albarka, ya sa ki fi ni kirki ga uwarki, ko da yake ban cancanta ba. Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta yafe min kafin mu haɗu. Abbanki da yayanki suna gaishe ki. Ki bugo da zarar kin sauka.

Wassalam.

Ummanki,
Lariba